Ƙaramar Salwa: Sai Da Muka Rasa Uku Kafin Mu Iya Kiwonta



A taron ƙungiya da ya gabata, bayan an gama maganar gyaran kwalbati da kuɗin ta'aziyya, ɗaya daga cikin iyayenmu ya ɗaga hannu ya ce akwai abin da ke damunsa. Jikokinsa sun hana shi sakat, wai sai ya saya musu irin 'yan tsuntsayen da suka gani a gidan Sakatare. Aka yi dariya, sai kuma ga mutum huɗu sun ce su ma haka abin yake a gidajensu. Shugaba ya ce tunda a gidanmu fitinar ta fara, mu za mu yi wa jama'a bayani. To ga bayanin, kuma ba za mu ɓoye ɓarnar da muka yi ba.

Bara da kaka tsuntsayen suka zo hannunmu. Wani ɗan uwa direba da ke zuwa Legas ne ya kawo su a cikin kwali, guda huɗu, maza biyu mata biyu, ya ce tsarabar yara ce. Da ya ambaci salwa sai gabanmu ya faɗi, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya yi wayo wajajen 2013 ya tuna lokacin da ƙwan salwa ya zama maganin komai a bakin mutane: hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki, har da abin da ba a faɗa gaban yara. Ana shan sa ɗanye da sassafe. Mu shida muka haɗa kuɗi a lokacin, muka sayo ɗari biyu, muka kafa musu rumfa. Shekara ba ta zagayo ba kowa ya zama mai salwa, masu saye suka ja baya da suka ga ƙwai ne mai kyau kamar na kaza amma ba magani ba, mu kuma muka ƙare da yanka jarinmu muna miya da shi.

Waccan salwar ta Japan ce, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, jihar Filato, ta shigo da ita Najeriya a 1992 domin nama da ƙwai. Tana fara ƙwai tun tana da mako shida zuwa bakwai, kuma da wuya ta kwanta a kansa, sai an sa a injin ƙyanƙyasa. Wannan da ke gidanmu daban take. Asalinta ƙasashen Asiya ne, daga Indiya da kudancin Sin har zuwa Ostareliya. Tsawonta santimita 12 zuwa 14 ne, nauyinta wajen giram 50, wato idan ka yanka ta ko ɗanɗanon miya ba za ta ba ka ba. Masu kiwonta a Amurka suna kiranta da sunan maɓallin riga saboda ƙanƙantarta. Namijin yana da ƙirji shuɗi-shuɗi, ciki ja, da zanen fari da baƙi a maƙogwaro kamar ya ɗaura ƙaramin gyale. Macen ruwan ƙasa ce, ba ta da ado. Ba a ajiye su don riba. Don kallo ake ajiye su, kamar yadda iyayenmu ke ajiye kanari.

Kuskurenmu na farko keji ne. Muna da tsohon kejin kanari, dogo mai sandunan sauka, muka zuba su huɗun a ciki muka rataye a zaure. Ashe tsuntsuwar ƙasa ce. Ba ta hawa sanda, ba ta kwana a sama, rayuwarta duk a cikin ciyawa take tana kiwo kamar kaza. Wayar ƙasan kejin ta dinga cin yatsunsu, mazan biyu kuma suka kama faɗa ba dare ba rana har ƙeyar ɗaya ta tsige. Ba mu san maza biyu ba sa zama wuri ɗaya in akwai mace ba. Ita wannan salwar miji da mata take zama, kowane gida da kejinsa.

Kafin mu ankara, wata safiya muka tarar da ɗaya namijin a kwance, kansa da jini. Da farko jirgi muka ɗora wa laifi. Ga filin jirgin sama nan gefenmu, muka ce ƙararsa ce ta firgita shi. Sai da muka kwana biyu muna lura muka gane jirgi bai dame su ba ko kaɗan. Kyanwar maƙwabta ce ke zuwa da dare ta zauna ƙarƙashin kejin, sai kuma yara da ke haska su da tocila kafin su kwanta. Ɗabi'ar tsuntsuwar ce in ta firgita ta yi tsalle sama a miƙe kamar an harba ta da danƙo. A daji hakan ke cetonta daga maƙiyi. A keji kuwa rufi take samu da ka, kuma kan nata bai fi ɗan yatsa ba.

Daga nan muka kira kafinta. Ya yi mana akwati mai tsawon mita ɗaya da faɗin rabin mita, ƙasansa katako, gefe raga. Muka yanko soson tsohuwar katifa muka manna a rufin ta ciki. Ƙasan muka zuba ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wahalar samu a jihar nan, muka sa busasshiyar ciyawa dami-dami a kusurwoyi, da fasasshiyar tukunya a kife don su sami maɓoya. Wannan maganar maɓoya kada a raina ta. Tun ranar da suka sami inda za su shige su ɓace wa ido, tsallen nan ya ragu ƙwarai. Sai kwano ɗaya na yashi mai laushi. Wankansu ke nan, ba sa wanka da ruwa. In kana son ka ga farin cikin tsuntsu, zuba musu sabon yashi ka koma gefe: za su kwanta su yi ta birgima suna watsa shi, namijin ya tsinci wani abu ya riƙe a baki yana kiran matarsa da ƙaramar murya har sai ta zo ta karɓa. Uwargida ta ce ko mazan unguwa su zo su ɗauki darasi. Ba mu tanka ba.

Asara ta biyu ta fi mana ciwo, don mu muka jawo ta da hannunmu. Gero kaɗai muke ba su, muna ganin ai abincin tsuntsu ke nan. Ɗaya macen ta kama ƙwai kusan kullum, ga kuma ƙwan lantarki da muke bari a kunne kusa da su don tsoron kyanwa. Ba mu san tsawon haske yana ƙara sa tsuntsu yin ƙwai ba. Ɓawon ƙwan ya fara laushi, wani ma ya zo ba ɓawo. Cikin zafin Maris, lokacin da Minna ke kusan digiri 40, muka gan ta ta kumbura fuka-fukai ta tsuguna wuri ɗaya tana nishi. Ƙwai ne ya maƙale mata. Kafin la'asar ta mutu.

Wani ɗan ƙungiya da ya karanci lafiyar dabbobi ne ya warware mana. Ya ce gero ba ya isar su, domin a daji ƙwari da tsutsotsi suna cikin abincinsu, kuma jikin mace mai ƙwai yana zuƙe sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawo. Yanzu tushen abincinsu shi ne abincin 'yan tsaki na buhu da ake samu wajen masu sayar da abincin kaji, a ɗan murƙushe shi. Muna ƙara gero ko acca kaɗan, da ganyen zogale ko latas, da gara in yara sun samo. Ɓawon ƙwan kaza kuwa ba ya zuwa bola a gidanmu yanzu: a tafasa, a shanya, a daka, a zuba musu a murfin kwalba su ci gwargwadon buƙatarsu. Fitila kuma mun daina bari. In rana ta faɗi sai mu rufe kejin da buhu, su yi barci kamar kowa. Da bazara muna ajiye shi a inuwar mangwaro, ba ƙarƙashin kwano ba, ruwa kuma sau biyu ake canzawa.

Ranar da macen nan ta mutu autarmu ta ƙi cin abinci. Ta ce, "Baba, ni ce na kashe ta, jiya na ɗauke ta." Muka ce mata a'a, laifin namu ne. Amma ba mu ɓoye mata cewa ɗaukar ma ba ta da kyau ba. Wannan ne abin da ya fi wuya yara su gane, kuma iyaye su ji shi da kyau kafin su saya. Ƙaramar salwa ba mage ba ce, ba tantabara ba ce. Ba ta son a riƙe ta. In ka damƙe ta za ka ji zuciyarta na bugawa a tafin hannunka, gashinta ya zube, in ta kuɓuce kuma ta tafi ke nan. Iyakar sabonta da mutum shi ne ta zo ta karɓi gara a yatsansa, shi ma sai bayan makonni na haƙuri. Yaron da ke son abin da zai runguma, a nemo masa zomo.

Da muka ba Liman labari bayan Magariba, sai ya tuna mana Abu Umair, ƙanin Anas bin Malik, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu Manzon Allah (SAW) ya same shi cikin damuwa ya rarrashe shi da raha. Ya ce daga nan malamai suka fahimci halaccin yaro ya ajiye tsuntsu, muddin ana ciyar da shi kuma ba a azabtar da shi. Sharaɗin nan na biyu ne muka gaza a kansa watanni, ba da mugunta ba, da rashin sani.

Da damina ta kama, macen da ta rage ta tara ƙwai shida a cikin ciyawa ta kwanta. Kwana 16 cif suka fashe. Jama'a, ba mu taɓa ganin ƙaramin abu mai rai kamar 'yan tsakin nan ba. Kowane bai wuce babban ƙudan zuma ba, amma suna bushewa suka kama gudu suna tsince-tsince. A ranar farko biyu suka fice ta ramin raga, sai da muka zagaye ƙasan kejin da ragar sauro irin ta taga. A rana ta biyu muka yi asara ta uku: ɗaya ya faɗa kwanon ruwan da zurfinsa bai kai gaɓar yatsa ba, ya nutse. Tun daga nan a murfin roba muke ba su ruwa, cike da tsakuwa, su sha ta tsakani. Ƙafafun kejin kuma muka tsoma su a gwangwanaye masu ruwa saboda kwarkwasa, wadda in ta shiga da dare ko ƙashi ba za ta bari ba. Biyar suka rayu, yanzu sun yi girman iyayensu.

Akwai wata magana da muke so ta kai ga matasanmu musamman. Tunda labarin tsuntsayen nan ya bazu, da rani wani yaro ya kawo mana biyu a cikin safa, ya ce irin namu ne, zai sayar. A gona ya kama su lokacin da ake ƙona ciyawa. Muka nuna wa wani dattijo ɗan Gbagyi, maƙwabcinmu da ya yi farauta a ƙuruciyarsa. Ya juya ƙafar ya ce mu ƙirga yatsu. Uku ne, babu na baya. Wannan ta dajinmu ce, kuma masana sun ce ba ma dangin salwa ba ce duk da kamar da suka yi. Al'amarinta abin mamaki ne: macen ce ta fi girma da kyan launi, ita ke kiran maza, in ta yi ƙwai kuma namijin ne ke kwanciya ya reni 'ya'ya. Muka ba yaron kuɗin ƙosai muka sa ya mayar da su bakin fadama. Ra'ayinmu shi ne kada kowa ya sayi tsuntsun da aka kamo a daji. Wanda aka haifa a keji ya san keji. Na daji yakan ƙi cin abinci, ya yi ta dukan raga da kai har ya mutu, kuma duk wanda ya saya yau ya tura yara goma cikin ciyawa da ashana gobe.

Sai batun cuta. Tun Fabrairun 2006, da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, cutar take lafawa tana dawowa a ƙasar nan. Kada a haɗa kejin da akurkin kaji, kada a bar tsuntsayen waje su ci a kwanonsu, yara su wanke hannu da sabulu bayan shara. In aka ga tsuntsaye ko kaji na mutuwa jere da juna, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi, kada a yanka a ci.

Yanzu ga abin da muka yanke da uwargida. Cikin biyar ɗin nan akwai maza biyu da mata uku. Za mu bayar da su kyauta gida biyu, ba na sayarwa ba ne, mace ɗaya kuma autarmu ta ce tata ce ba mai taɓa ta. Tunda 'yan uwan juna ne, wanda ya karɓa ya ajiye su don kallo, in yana son su hayayyafa sai mun samo wani jinin an yi musanya. Sharaɗinmu biyu ne. Na farko, uba ko uwa su zo da kansu su ce sun ɗauki nauyi, domin tsuntsuwar na iya shekara uku zuwa biyar, ɗokin yaro kuwa mako biyu ne. Na biyu, sai mun je mun ga kejin da idonmu, mun taɓa rufin mun ji soso.

Mai so ya same mu a gida ranar Asabar bayan sallar La'asar. Yara su zo su kalla, amma a bar tocila a gida.

Sakataren ƙungiya,
Maikunkele.