Layi ɗaya, gyara dubu

Duk wanda ya taɓa karɓar rubutun Hausa daga shagon buga takardu a Mubi ya san ciwon nan na haruffa marasa ƙugiya. Wasu masu bugawa sukan yi ƙoƙari su sa ɗan waƙafi a sama, su rubuta k' da d' da b', wasu kuwa ko oho. Fulatancin da ake ji a Digil ma haka yake fama, don shi ma yana da ɓ da ɗ, har da ƴ.

Ɗalibin kwamfuta na Poly ko na Jami'ar Jihar Adamawa, in ya saba da baƙin allon Linux, inda ba linzami sai rubutu, yana da gajeriyar hanya. A cikin manhajar gyaran rubutu ta Vim sai ya buga :%s/k'/ƙ/g ya danna Enter. Alamar % tana nufin fayil ɗin gaba ɗaya, s musanya ce, g kuma ta ce kada a tsaya a na farko cikin layi. Kafin ƙiftawar ido shafi ɗari ya gyaru. Umarnin nan ya girmi ɗaliban nesa ba kusa ba. Tun a manhajar ed ta Ken Thompson yake, Bill Joy ya gaje shi a vi a 1976, Bram Moolenaar ya wuce da shi zuwa Vim a 1991.

Rigimar tana ga rubutun da ba a sa masa alama ko ɗaya ba. Ka ce kowane baki ya koma baƙi, sai ka tarar "bakin kasuwar shanu" ya zama "baƙin kasuwar shanu", wurin da aka ce a haɗu ya rikiɗe ya zama fatake. Wanda ya kafa makaranta kuma ya tashi da ƙafa. Na'ura ba ta jin Hausa, siffar haruffa kawai take bi.

Ni dai a ganina harafin da ya fi amfani a ƙara wa layin nan shi ne c. In ka rufe da gc, Vim zai tsaya a kan kowace kalma, ya haska ta, ya jira ka ce y ko n. Yana cin lokaci, musamman in batir na kuka kuma ba wuta, shi ya sa masu gaggawa ke tsallake shi. A Vim da sauƙi, in an yi ɓarna u na mayar da komai yadda yake. Amma wani umarnin musanyar, sed -i, kai tsaye yake rubutawa a kan fayil, ba ja da baya, sai in tun farko ka buga -i.bak ya ajiye maka tsohon a gefe.