Hutun bakin Bahar Rum da sharaɗin Hajiya

1/ Tun kafin biki na yi wa amarya alƙawarin za ta ga teku. Mu 'yan Daura ai ruwan da muke tinƙaho da shi rijiyar Kusugu ce.

2/ Girka da Italiya tun a maganar biza na haƙura. Masar ta rage: akwai jirgin EgyptAir daga Kano zuwa Alƙahira, ƙanena kuma yana karatu a Azhar.

3/ Ya ce in manta da yankin da suke kira Sahel, a watan Agusta na masu hannu da shuni ne. Sai Iskandariyya, kusan awa 3 a jirgin ƙasa.

4/ Otal ɗin bakin ruwa ya fi ƙarfina. Muka nemi gidan haya a Mandara, kusa da lambun Montaza, mai kicin, don madam ta ce da yajinta za ta tafi. Kar ku biya kuɗi kan hoto fa. Gidan farko da ƙanena ya duba, sai ka zura wuya ta tagar banɗaki kake hango tekun.

5/ Hajiya ce matsalar. Tana jin Bahar Rum ta yi shiru. Ɗan maƙwabcinmu ta Kongolom ya fita, Damagaram, Agadas, Libiya. Daga bakin wannan ruwan ya yi kiransa na ƙarshe. Wallahi ban ma tuna ba.

6/ Na nuna mata tikitin dawowa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Ku je. Amma ko na wasa ne, kar ka sa min yarinya a kwalekwale.”