Katakon da muka tarar a ƙarƙashin leda

'Yan'uwa, waɗanda suka zo addu'ar safe a watan Janairu sun gan mu da ƙura har a gira, wasu ma sun tambaya ko mun koma kafinta ne. Ga yadda abin ya faru.

Da muka tare a gidan fasto a nan Jos, mun tarar da babban ɗaki a shimfiɗe da tsohuwar leda. Uwargida ta ɗaga gefe ɗaya za ta yi shara, sai ga katako a ƙasa, loko ne, wanda kafintoci ke kira iroko, ya yi baƙi ƙirin da gam da datti. Dattawan ikkilisiya sun riga sun yanke shawarar a ɓamɓare shi a sa tayil. Muka roƙi a ba mu wata guda. Baba ma'aji ya ce, "Fasto, kuɗin tayil na hannu. In wata ya cika ba ku gama ba, birkila zai shigo."

Mun fara da tsokanar kowane katako da sukudireba don neman inda gara ta ci. Loko ba ya yarda da gara da sauƙi, biyu kawai muka canja. Sai ƙusoshi. Dole a buga kan kowace ƙusa ya nutse cikin itacen, in ba haka ba, ita za ta yaga samfefa da zarar inji ya hau ta. Matasa huɗu suka kwashe yinin Asabar a durƙushe da guduma.

Injin goge katako haya muka yi. Samfefa lamba-lamba ce, kuma mai ƙaramar lamba ta fi kaushi: a fara da 40, sai 60, sai 80, a ƙarasa da 120, ana bin tsawon katakon yadda jijiyar itacen ta kwanta. Da muka gama da 40 muka ga ruwan zumar loko ya fito, zuciya ta raya mana mu tsallaka zuwa 120 mu huta. Mun gwada a wani lungu. Ido bai ga komai ba, amma da muka shafa banishi kaɗan, kowane karce ya fito fili. Aikin kowace lamba shi ne goge sawun wadda ta gabace ta.

Inda muka kusa yin ɓarna shi ne gindin taga. Akwai wani baƙin tabo kamar faɗin faifai, inda ruwa ya daɗe yana ɗiga, tsatsar ƙusa ta shige cikin itacen. Ko'ina ya yi kyau sai nan, kuma nan ido ke fara sauka. Muka tsaya a kansa da lamba 40 tun bayan abincin rana, tabon yana dusashewa amma ya ƙi tafiya. Ana haka tsohon da ya ba mu hayar injin ya shigo. Ya ɗora miƙaƙƙen katako a wurin, muka ga haske na wucewa ta ƙarƙashi. Ashe kwari muka fara haƙawa. Ya zura bakin wuƙa tsakanin katako biyu har ya taɓa harshen da ke haɗa su, ya nuna mana abin da ya rage a sama, bai kai kaurin biro ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba tabon kake ci ba, daben kake ci. In ka kai harshen nan, bakin katakon zai tsage, kuma ba a mayar da shi." Kunya ta kama mu, domin mu ne muka hana yaran taɓa injin wai kada su yi ɓarna. Muka kashe shi.

Wanda zai yi irin wannan aiki ya sa takunkumi, don ƙurar loko tana sa tari da ƙaiƙayi. Kada kuma ya toshe ramukan da ke tsakanin katako a hunturu. A lokacin itace ya tsuke, da damina zai kumbura ya tura abin da aka cusa waje. Banishi shafi uku muka yi, kwana ɗaya tsakani, tagogi a rufe saboda ƙura, ana ɗan bi da lamba 220 kafin shafi na gaba. Daga lungu ake farawa a nufo ƙofa. Tsummokaran da suka sha mai kuwa a shanya su waje ɗai-ɗai, don in an dunƙule su wuri ɗaya suna iya kamawa da wuta da kansu.

Saura kwana huɗu wata ya cika dattawa suka zo. Baba ma'aji ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa. Ya zagaya, ya tsaya a gindin taga, ya tambayi abin da ya kawo baƙin nan. Muka ce ruwa ne. Ya ɗaga kai ya dubi silin, shi ma da nasa tabon daidai saman wurin. Kuɗin tayil dai kwano aka saya da shi kafin ruwan farko. Tabon yana nan, uwargida ta ajiye keken ɗinkinta kusa da shi saboda hasken taga.