Ƙwayar da ba a yi wa saki uku

A finafinan mu na Hausa, duk inda aka nuno mai shan ƙwaya to ɗan daba ne, idanu jawur, ya na tangaɗi a lungu. In darakta ya so ya shiryu, sai a yi masa nasiha, ya watsa ƙwayoyin a kwata, washegari ya tashi garau. Don Allah marubuta da daraktoci a daina nuna haka. Akwai maganin da in aka yi masa saki uku, zai iya kai mutum kushewa.

Ni malamar makaranta ce a Katanga, ƙasar Jega. Da maigidana ya rasu a 2016 barci ya ƙaurace mini, gabana kullum faɗuwa ya ke yi. Likita ya rubuta mini diazepam, wato Valium, wanda samari ke kira D5. Ƙa'idar sa mako biyu zuwa huɗu ne, amma ba wanda ya gaya mini. In ya ƙare, mai kemis ya miƙo wani ba tambaya. Haka na shekara shida ina shan miligiram 10 kowane dare.

A 2022 yayata ta raka ni asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, a Jihar Sakkwato. Likitan ya ce, "Malama, kada ki kuskura ki daina rana ɗaya." Ya yi bayanin cewa akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna GABA da ke aiki kamar birki. Maganin ya na ƙara wa birkin ƙarfi, to in an daɗe sai ƙwaƙwalwa ta saba, ta sassauta nata. Ka cire shi kwatsam, ka bar mota a gangare ba birki: rawar jiki, gumi, firgita, wani har farfaɗiya. A gida kuwa sai a ce iska ce. Saboda wannan haɗari hukumar magunguna ta Amurka ta tsaurara gargaɗin da ke jikin irin waɗannan magunguna a 2020.

Hanyar ita ce ragewa kaɗan-kaɗan. Farfesa Heather Ashton ta Newcastle a Ingila, wadda ta kula da masu wannan matsala daga 1982 zuwa 1994, ita ta yi fice wajen tsara ta. Ni an mayar da ni kan ƙwaya mai miligiram 2, ana rage mini miligiram 1 duk bayan mako biyu ko uku.

Jama'a, abin ba sauƙi! Da na sauko miligiram 4, surutun yara a aji sai na ji kamar ana kaɗa mini gwangwani a ka. Wani daren ko gyangyaɗi ban yi. Likita ya ce in tsaya a nan, kada in ƙara, kada in rage. Mako shida na yi kafin mu ci gaba. Na bar goro da shayi da yamma, ina ɗan tattaki bayan la'asar, yayata kuma ita ke ajiye maganin ta na ƙirga mini. Ranar da na ƙosa, Inna ta ce, "Ɗiyata, mi ki ke gaggawa? Ko masu ɗorin Aliero ba su kwance kara sai ƙashi ya kama." Sai da na yi watanni kafin na haɗiye rabin ƙwayar ƙarshe.

Na san akwai irina da yawa a cikin gidaje, matan aure da tsofaffi, waɗanda ba maye su ke nema ba, barci kawai. Kunyar kada a ce masu 'yan ƙwaya ita ke sa wasu su zubar da maganin a ɓoye. 'Yar'uwa, jikin ki ne ya saba, ba tarbiyyar ki ce ta lalace ba. Ki ɗauki kwalin ki je wurin likita, ki faɗi nawa ki ke sha da tun yaushe, ku tsara ragewar tare. Allah ya ba mu lafiya, amin.