Firigo ba ya mutuwa gaba ɗaya

Galibin firigon da ke gidajenmu tsofaffi ne tun ranar da anka saye su. Sun gama aiki a Turai, anka zuba su cikin kwantena, sunka sauka tashar ruwa ta Kwatano ko ta Lome, manyan motoci sunka hauro da su. Nan kuma su iske zafin bazara da kuran mai zuwa yana ɗaukewa. Ba a daɗe ba moto ya ƙone, mai gyara ya duba ya ce ba ya tashi. To daga nan aikin kawuna ke farawa.

Bakansi uku na yi a filinshi na ƴan gwangwan, kuma da kuɗɗin wurin na sayi kaye da littattafai. Abu na farko da anka damƙa mini shi ne mayen ƙarfe. Duk abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, kamar gangar jiki da ragar baya, kuɗɗinshi kaɗan ne. Abin da ya ƙi kamawa shi ne abin nema. Farantin wurin ƙanƙara galibi alma ne. Siririn bututun nan tagulla ce. Amma riba tana cikin baƙar tukunyar da ke ƙasa ta baya, wato moto. In an tsaga ta da zarto, sai a iske wayar tagulla a nannaɗe. Kilo guda na tagulla ya fi kilo goma na baƙin ƙarfe daraja.

Kusan babu abin da ke tafiya banza. Alma ana narka shi a zuba cikin ramin yashi, ya fito tukunya ko ludayi, kamar yadda ake yi a kasuwar Katako ta Yamai. Baƙin ƙarfe maƙera su ɗiba su yi murhu, saura a loda a tirela. Akwatin kanshi ma masu sayar da ƙanƙara suna so, don soson da ke cikin bangonshi yana riƙe sanyi ko babu kuran.

Sai dai akwai abin da ba ya hawa sikeli. In an yanke bututu, za ka ji "fisss", shi ke nan gas ya tafi sama. A jikin moto akwai ƴar takarda mai faɗin irin gas ɗin. Tsofaffi ƙwarai R12 ne, wanda ke cinye rigar ozon mai kare mu daga mugun hasken rana. Don irinshi ƙasashe sunka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987. Na bayanshi, R134a, ba ya cin ozon, amma wajen ɗumama duniya ya ninka iskar kabon fiye da sau 1000, shi ya sa gyaran Kigali na 2016 ya ce a rage shi. Na yanzu kuwa, R600a, wuta yake kamawa. Ku duba, ga mai walda a gefe, ga mai shan taba a zaune.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙona waya. Don a raba tagulla da robarta, sai a tara waya a sa mata wuta, wani lokaci da soson firigo ake hura ta. Baƙin hayaƙin nan guba ne. Kuma wa ake turawa aikin? Ƙananan yara, waɗanda ya kamata a ce suna lakwal. Na kwana kusa da wasunsu, tari suke yi har asuba. Man moto kuma a tuntsurar da shi ƙasa, ruwan sama ya kai shi inda Allah ya so.

Wani zai ce a hana sana'ar mana. Gana ta hana shigo da tsofaffin firigo a 2013, wannan ya kama matsalar daga tushe. Amma da anka rushe filin Agbogbloshie na Ankara a 2021, masu aikin watsuwa sunka yi wasu unguwanni da gudumarsu. Mai neman abincin yau ba a kore shi da katafila. Na san akwai masu sayen kayan sata da masu danne sikeli, ba na wanke su. Amma wallahi yawanci gumi suke ci.

Mu ɗalibai muna wucewa muna toshe hanci, muna ce musu ƴan bola. Alhali abin da muke haddacewa a darasin kimiyya don jarrabawa, su shi suke shaƙa kullum, ba wanda ya taɓa yi musu bayani. Bayanin kuma ba shi da tsawo. A fiƙe waya da wuƙa maimakon wuta, tagulla mai haske ma ta fi ƙonanna kuɗɗi. A tsiyaye mai cikin jarka. Kar a yanke bututu kusa da wuta. Inda akwai mai gyaran firigo da ke da injin zuƙe gas, a kira shi tukuna. Kuma a cire ƙofa kafin a jingine akwatin, don yaro na iya shiga wasan ɓuya ya kasa fitowa.

Kowace unguwa tana da filin gwangwan. Wannan bakansin, kowa ya je na kusa da gidansu, ya yi sallama, ya zauna ya ga aikin da idonshi, sannan ya faɗi abin da ya sani.