A Nuna Shi Tun Yana Fensir

Mai zanen mutum yana da masu kallo iri biyu. Akwai jama'ar gari, waɗanda za su tsaya gaban aikinka su riƙe baki su ce, "Kai! Kamar hoto!" Akwai kuma abokan sana'a, waɗanda za su yi shiru, su ja da baya, su kanne ido, can ɗaya ya miƙa yatsa ya nuna wurin da kai ma zuciyarka ta yi ɗar tun kana zanawa. Ƙuruciyata duka na yi ta ina neman na farko, ina gudun na biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yabo yana da daɗi, ni kuwa yaro ne da ba a yabonsa a kan komai sai fensir.

A Zariya na tashi. Tun ina firamare bayan littattafaina cike yake da fuskoki: ta mai rake, ta direban motar haya, ta kakata tana kaɗi. A gidanmu kuwa, kamar a gidaje da yawa, zanen abu mai rai magana ce da manya ke da ra'ayi a kanta. In ka zana itace ko ka yi zayyana, a sa maka albarka. In ka zana mutum, a dube ka. Don haka na saba da ɓoyo. Zanena na mutane a ƙasan akwati yake kwana, tsirarun abokai nake nuna wa, su kuma ba abin da suka iya sai yabo. Illar ɓoyo ita ce ya bar mai zane shi kaɗai da idonsa, ido kuwa yakan saba da aikin hannun mai shi har ya daina ganinsa.

Da na gama sakandare aka kai ni koyon sana'a shagon wani dattijo mai rubuta allunan shaguna. Shi ke zana kawunan nan da ake ratayewa a ƙofar masu aski, shi ke fesa hotuna a riguna da ƙaramar bindigar fenti, wani lokaci a kira shi ya yi wa bayan babbar mota ado. Duk Asabar bayan la'asar shagon yakan cika. Ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello su zo, masu fentin manyan motoci su zo, mu yaran shago muna rakuɓe a gefe. Kowa ya jingina aikinsa da bango. Dokar wurin ɗaya ce: mai aiki ba ya buɗe baki sai kowa ya gama faɗin abin da ya gani.

Ranar da na yi ta maza na jingina nawa, hoton wani ɗan garuwa ne a tsaye, sanda a kafaɗa, ya jingina nauyinsa a kan ƙafa ɗaya. Na ƙarar da ƙarfina a kan fuskarsa, har gumin goshi na fitar. Maigida ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, fuskar nan ta yi, ba ni da ta cewa. Amma mutumin nan faɗuwa zai yi." Ya ɗaura ƙusa a zare, ya saki daga ramin wuyan ɗan garuwar. Zaren ya sauka can gefe, nesa da ƙafar da ya kamata ta ɗauki nauyin. Wani ɗalibi ya ce garewanin babu ruwa a cikinsu, don sandar ba ta lanƙwasa ba, kafaɗar ma ba ta nutse ba. Wani ya ce in ɗora tafin hannuna a fuskata. Na ɗora, ya rufe daga haɓa har kusan inda gashi ya fara. Hannun da na zana kuwa bai kai rabin fuskar ba.

Ba zan ɓoye ba, ranar ƙirjina ya yi zafi. Na koma gida ina jin kamar an tuɓe ni a kasuwa, abincin dare ma ban iya ci ba. Amma da gari ya waye ƙafata ta kai ni bakin famfo, na zauna ina kallon 'yan garuwa. Na ga yadda sanda ke sauka da hawa, na ga jijiyar wuya tana miƙewa, na ga kwatangwalo yana turowa ta ɓangaren ƙafar da aka dogara a kanta. Mutanen da nake wucewa kullum ke nan, sai ranar na gan su. Wannan shi ne abu na farko da na koya: gyara na gaskiya waje yake tura ka, ka je ka sake kallon duniya.

Daga baya ɗaliban nan suka nuna mini dabarun da mai zane ke yaudarar idonsa da su. Ka kifa aikin, kai ƙasa ƙafa sama. Ka dube shi ta madubi, shawarar da Leonardo da Vinci ya rubuta wa masu zane shekaru ɗari biyar da suka wuce. Suka ara mini littafin Andrew Loomis na koyon zanen jikin mutum, wanda ya fito a Amurka a 1943, na ga yadda ake auna jiki da tsawon kai: baligi kai bakwai da rabi ne, in ana son tsayi mai kwarjini a kai shi takwas. Ido a tsakiyar kai yake, gwiwar hannu daidai ƙugu, yatsu kuma su sauka tsakiyar cinya. Duk suna da amfani. Sai dai madubi zai nuna maka cewa fuska ta karkace, ba zai gaya maka dalili ba. Dalilin a bakin mutum yake.

Abu na biyu ban gane shi ba sai da maigida ya danƙa mini bindigar fenti. Fensir abokin rufin asiri ne. Tun 1795 da Nicolas-Jacques Conté ya gano a Faransa cewa in an cuɗa garin bakin fensir da yumɓu aka gasa ana iya sarrafa taurinsa, mai zane ya sami zaɓi: masu alamar H don layi mai haske, masu alamar B don duhu. In ka fara da 2H da sassauƙan hannu, kana iya goge kafaɗa ka sake ta har sai ta zauna. Bindigar fenti ba ta san wannan ba. Allurarta siririya ce, daga milimita 0.2 zuwa 0.5, ka danna maɓalli iska ta fito, ka ja shi baya fenti ya biyo. In ka matsa kusa da yawa, fenti ya watse ya yi ƙafafu. In ya yi kauri, ya yi tsartuwa. Da hunturu kuwa yana bushewa a bakin allura tun kana tsakiyar layi. Abin da ka fesa a kan riga ya zauna ke nan.

Shi ya sa maigida ba ya yarda a taɓa bindiga sai an jingina zanen fensir da bango ranar Asabar. Yakan ce, "Tun ran gini ran zane." Da farko na ɗauka tsananin dattawa ne. Amma na ga yadda ake kawo aikin da aka kwana ana fesawa, an kashe fenti, an ƙona man janareta don injin iska ya yi aiki, sai a ce wuyan ya yi tsawo. Me mai aikin zai yi da wannan maganar? Sai dai ya haɗiye ta ya tafi da baƙin ciki. Da a matakin fensir ya kawo, gyaran ɗan lokaci ne. Ko Chuck Close, Ba'amurken da ya fesa hoton fuskarsa mai tsayin kusan ƙafa tara a 1968, sai da ya raba hoton gida-gida ya tsara komai kafin fenti ya taɓa ƙyalle. Yawancinmu muna nuna aiki ne bayan an gama, lokacin da ba abin da muke iya karɓa sai yabo. Wanda ke son gyara da gaske, aikin da bai kammala ba yake fitarwa, da munin layukansa da komai. Wannan yana da wuya, har yau yana yi mini wuya.

Abu na uku, gyara ba ya tambayar takardar makaranta. Na daɗe ina fama da fatar mutanenmu. Littattafan da muke koyo da su fararen fata suka zana, dabarunsu na inuwa ba sa zama daidai a kan baƙar fata. In na fesa fuska sai ta fito sumul, ba rai. In na zo sa haske a kunci da farin fenti, sai wurin ya koma shuɗi-shuɗi. Wanda ya warware mini wani mai fentin manyan motoci ne da bai taɓa zama a aji ba. Ya ce, "Ƙanena, farin da ka fesa a kan duhu dole ya yi shuɗi. Ka ɗiga masa launin ruwan lemo kaɗan, ko kuma ka bar hasken tun farko, ka kewaye shi da duhu." Ya kuma hana ni zuba baƙi a cikin launin ruwan ƙasa don yin inuwa, ya ce kashe launi yake yi, in nemi ja mai duhu da shuɗi. Ya fito da ni waje ya nuna mini goshin wani yaro a rana, yadda launin sararin sama ke kwanciya a kansa. Shi ne kuma ya fara yi mini faɗa a kan fesa fenti ba takunkumi, ya ce ƙurar da ba na gani a huhuna take sauka. Ɗaliban jami'a suka ba ni ƙashi, shi ya ba ni fata.

Abu na huɗu ya fi kowanne nauyi a zuciyata, domin a kan wani na gan shi. Akwai wani yaro da ke zuwa, mai kunya, hannunsa yana da kyau. Wata Asabar wani baƙo da ake ji da shi ya dubi aikinsa ya ce, "Wannan ai ɓata takarda ne." Bai nuna wuri ba, bai faɗi dalili ba. Yaron ya naɗe takardarsa ya fita, bai sake dawowa ba. Maigida ya aika a kira shi, bai zo ba. Har yau in na tuna shi sai raina ya sosu, don na san abin da ƙasar nan ta rasa a yammacin nan. Magana zarar bunu ce. Wanda ya jingina aikinsa da bango amana ya ba ka, ya miƙa maka abin da ya fi tsoron a taɓa.

Tun daga nan na riƙe wasu ladubba da ba na saki. Kafin in ce komai sai na tambayi mai aiki, "Me kake so a gani a nan?" In na yaba, in faɗi wurin da ya yi kyau da abin da ya sa, don yabon da ba shi da adireshi ba ya koyar da kowa. In na ga matsala, in nuna inda take, in faɗi sababinta, in kawo mafita. Babbar matsala ɗaya nake ɗauka, ba na tara wa mutum goma a rana guda. Ba na sa fensirina a takardar wani. Sai in ɗora takarda mai shara-shara a kai in yi gyaran a can, ya tafi da ita ya yi shawara da kansa. Da waɗannan ladubban kuma nake tace abin da ake gaya mini. Mai hassada hukunci yake yankewa, mai nasiha yatsa yake miƙawa. In mutum ya kasa nuna wuri, maganarsa ba ta hana ni barci.

Tambayar nan ta farko ita ce ke raba kuskure da zaɓi. Mai fentin mota da ya ba zaki manyan idanu ba jahiltar ma'auni ya yi ba, so yake a hango shi daga nesa a kan titi. A garinmu na Zariya aka taɓa yin wannan gwagwarmayar. A 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu. Suka ce za su koyi dabarun Turai, amma za su haɗa su da zanen da suka gada a gida. Ɗalibai ne, a tsakaninsu suka yi muhawarar, ita ce kuma ta canza fuskar zane a Nijeriya. Mai gyaran da ke son kowa ya yi zane irin nasa bai fahimci aikinsa ba. Aikinsa shi ne ya taimaki mutum ya isa inda shi mutumin ya nufa.

Yanzu matasa da yawa suna zuwa wurina da burin zanen fensir mai kama da hoton kyamara. Sun ga ayyukan Kelvin Okafor da Arinze Stanley, sun ji labarin Eli Waduba na Kaduna, wanda zanensa na Kevin Hart ya kai ga idon jarumin a 2019. Buri ne mai kyau, ina kuma taya su. Amma sau da yawa sai in ga an zana kowane silin gashi da kowace ƙofar gumi a kan kan da ƙashinsa bai zauna ba, an cika 8B har takarda tana ƙyalli. Jama'a za su yaba. Ni kuma a lokacin nake jin nauyin abin da ke kaina, domin shiru ya fi sauƙi, yaron zai tafi yana murna, zai kuma so ni. Sai dai shirun nan cin amana ne. Kyauta aka ba ni ilimin da ke hannuna, mutanen da suka ba ni sun yarda in ji haushinsu na kwana ɗaya don in amfana har ƙarshen rayuwa. Ba ni da hujjar hana wani abin da aka yi mini.

Ga duk mai zanen da ke karanta wannan, shawarata ita ce ka nemi mutanen da suka san sana'ar kuma suke son ka da alheri, ku sa rana, ku riƙa haɗuwa ko da a inuwar shago ne. Ka kai musu aikin da ba ka gama ba. Ka yi shiru har su gama, ka yi godiya ko da ranka na suya, ka kwana da maganar kafin ka yanke abin da za ka ɗauka. Ranar da naka lokacin ya zo ka duba aikin wani, ka faɗi gaskiya yadda zai iya dawowa mako mai zuwa. Allah Ya haɗa mu da masu gaya mana gaskiya, Ya kuma ba mu harshen da za mu faɗe ta ba tare da mun karya kowa ba.