Ɗakin Alhaji da kaset ɗin Sabon Gari

Mai karatu, ka taɓa kallon fim ka fito ka ga kamar an sauya wa mutanen unguwarku fuska? Ni ya faru da ni, kuma har gobe in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Ina ɗan sakandare a Kano wani abokina Ibo ya ja mu gidansu a Sabon Gari, ya ce akwai kaset ɗin da ya hana 'yan'uwansa barci. Living in Bondage ne, wanda Kenneth Nnebue ya ɗauki nauyinsa ya fito a 1992. Da harshen Ibo aka yi shi, abokin namu yana yi mana tafinta, mu kuma mun cika falo kamar an zo biki. Kafin nan mun sha kallon na Indiya irin su Purana Mandir, amma dodon Indiya ka san roba ce aka manna wa mutum a fuska, kana tsoro kana dariya. Wannan kuwa ba dodo. Andy ne kawai, wato Kenneth Okonkwo, saurayi mai neman na kansa, talauci ya ishe shi, abokinsa ya kai shi ƙungiyar asiri. Aka ce ya kawo wanda ya fi so a duniya. Ya yi dabara ya kai wata karuwa, tsafin bai ci ba, ƙarshe ya miƙa matarsa Merit. Kuɗi suka zo kamar ruwan sama, fatalwarta kuma ta hana shi sakat har ya haukace yana tonon bola.

To ka ji inda aka haihu a ragaya. A layinmu akwai wani Alhaji mai sana'ar fata da ƙirgi, wanda a 'yan shekarun nan Allah ya buɗa masa, ya ɗora bene, ya sayi Fijo. Ana cikin haka uwargidansa ta rasu wajen haihuwa. Kuma akwai wani ɗaki a zaurensa da kullum yake kulle, in ka gifta sai wani wari ya buge ka. Ni da na dawo da Andy cike da kaina, sai na haɗa ɗaya da biyu. A majalisarmu ta bakin masallaci na ce, "Kai, ku dai ku lura da ɗakin nan." Iyakar abin da na faɗa ke nan, wallahi. Ban ce ya yi ba.

Amma ka san magana zarar bunu ce. Ba a yi wata biyu ba sai na ji ta dawo mini daga bakin wata tsohuwa, ta yi ƙiba, har da jan ƙyalle da ƙwarya. Sai kuma ga abin da ya faru a Owerri a watan Satumba na 1996, inda aka kama wani da kan yaro mai tallar gyaɗa, jama'a suka ƙona otal ɗin Otokoto da gidajen wasu masu kuɗi. Wannan ba fim ba ne, ya faru, kuma ba zan ce maka babu masu yankan kai a ƙasar nan ba. Sai dai labarin da ya iso layinmu sai ya zama kamar shaida a kan Alhaji. Iyaye suka hana yara karɓar sadakarsa ta Juma'a. Wanda ke neman 'yarsa ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba.

Shekaru bayan haka na sami faifan The Wicker Man, fim ɗin Birtaniya na 1973 wanda Robin Hardy ya ba da umarni. In ba ka gan shi ba, ka yi haƙuri zan ɓata maka ƙarshensa. Wani sajan ɗin 'yan sanda mai riƙo da addininsa na Kirista ya sauka a wani tsibiri na Sukotlan neman yarinyar da aka ce ta ɓata. Mutanen tsibirin sun koma bautar gargajiya a ƙarƙashin Lord Summerisle, wanda Christopher Lee ya fito a matsayinsa. Amfanin gonarsu ya lalace, suna neman abin yanka, ashe sajan ɗin ne da kansa. Suka cusa shi cikin wani ƙaton mutum-mutumi na saƙar itace tare da dabbobi, suka cinna wuta dab da faɗuwar rana, suna waƙa suna rausaya. Babu duhu, babu aljani ko ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai fuskokinsu ne: mai gidan saukar baƙi, malamar makaranta, tsofaffi da yara, kowa hankalinsa kwance, ya tabbata daidai yake yi. Na kashe bidiyon na zauna shiru, don na ga majalisarmu ta bakin masallaci.

Ɗakin nan fa, fatu ne a ciki da buhunan gishiri, kafin a kai su kamfanonin jima na Challawa. Ɗansa ne ya buɗe shi a gabana ranar sadakar uku ta Alhajin, yana neman tabarmi. Sau nawa na yi niyyar in je in durƙusa in ce, "Baba, ni ne na fara," sai in ce bari sai gobe.

Yaron ya miƙo mini tabarma biyu ya ce, "Yaya, taya ni shimfiɗawa." Na karɓa na fita da su waje.